Hukuma Ba Ta Ɗaukar Bokiti

Abu na farko da na lura da shi da muka sauka daga motar makaranta shi ne matar ba ta ɗago ta dube mu ba. Tana tsugune a tsakiyar layukan dashe. Sai ta ɗauki leda ɗaya mai ɗan itace a ciki, ta leƙa gindinta, ta datse wani abu da almakashi, ta ajiye ta kamar tafin hannu ɗaya daga inda ta ɗauke ta. Ta ɗauki ta gaba, ta yi mata haka. Na dubi layin da ta gama, na dubi wanda ba ta taɓa ba, ban ga bambanci ba in ban da an ɗan matsar da ɗaya.

"Wannan ne aikin?" in ji ƙawata Godiya. A kunnena ta faɗa, amma raɗar Godiya har bakin titi ake jin ta. "Ashe ni ma na iya, ban sani ba."

Mu goma sha biyu ne, 'yan ƙungiyar kula da muhalli ta makarantarmu da ke Gwagwalada, tare da malaminmu, Malam Tanimu. Shi ne ya zo mana da labarin cewa wani kamfani da ke Idu ya haɗa kai da ƙaramar hukuma za a raba wa makarantu itatuwa, namu guda arba'in. Ya yi mana dogon bayani a kan sauyin yanayi, ya ce shugabannin duniya sun gano cewa gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba, sai an sa kamfanoni da birane da mutanen unguwa a ciki. Mun rubuta a littafi. Amma abin da ya dame mu ya fi wannan kusa. Bayan azuzuwanmu yamma yake kallo, kuma tsakanin bangon da titi fili ne fetal, ko ciyawar kirki babu. Daga ƙarfe ɗaya na rana bangon nan sai ya zama tanda. A watan Maris 'yan mata biyu suka suma a ajinmu. A wannan filin ne hukuma ta yarda a dasa itatuwan.

Matar ita ce Mama Rifkatu, mai lambun renon itatuwa a bakin hanyar Sheda, kusa da wani rafi. A wurinta kamfanin zai saya. Namu kawai mu zo mu zaɓa, mu koyi yadda ake dasawa, bayan kwana goma a yi biki.

Ta ji maganar Godiya sarai. Ta miƙe tana dafe da ƙugu.

"Wace ce ta iya? Zo nan, 'yata. Ɗaga mini waccan."

Godiya ta kama ledar da aka nuna mata, ta ja, ta ƙi tasowa. Ta ƙara ƙarfi. Sai muka ji ɓas, ledar ta taso, wata doguwar saiwa fara ta tsinke ta bar rabinta a ƙasa.

"Kin ji ko?" in ji Mama. "Wannan na manta da shi sati biyar. Saiwa ta huda leda, ta shiga ƙasa, ta yi gida. Ranar da mai saye ya fizge shi haka, rabin ransa ya bari a nan. Ya kai gida, kwana uku ya yanƙwane, ya ce Rifkatu ta cuce shi. Shi ya sa duk sati uku nake ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, in datse abin da ya leƙo. Leda dubu huɗu ce a lambun nan. Tunda kin iya, fara daga can ƙarshe."

Aka yi ta dariya, har da Godiya.

Malam Tanimu ya fito da takardar kamfani ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba, hannunta da laka.

"Ticha, ina za a dasa?"

Ya gaya mata.

"Akwai ruwa?"

"Akwai famfo a cikin makaranta, Mama. Yana yi, yana tsayawa."

"To da rani wa zai ba su ruwa?"

"Hukumar makaranta za ta kula da wannan."

Mama ta goge hannu a zaninta a hankali. "Ticha, na tsufa a aikin nan, ban taɓa haɗuwa da hukuma a hanyar rafi ba. Hukuma ba ta ɗaukar bokiti. Mutum ke ɗauka. Suna nake so. Kowane itace da sunan wanda zai ba shi ruwa daga ɗaukewar ruwan sama har ya dawo, da inda zai samo ruwan. Mutum ɗaya kada ya wuce uku. Wanda ya ce zai riƙe goma, bai taɓa ɗaukar ruwa ba. Kuma ɗalibin da gidansu ke nesa kada a sa shi, don ɗalibi ana ba shi hutu, itace ba a ba shi."

"Mama, an riga an sa ranar biki."

"To a yi biki. Amma ba da itacena ba."

Malam ya share gumi. Ya juyo ya gaya mana a hankali cewa idan makarantarmu ba ta shirya ba, za a cire ta a sa wata, don masu jira suna da yawa. Sannan ya yago takarda daga littafinsa ya miƙo mini. Ni ce sakatariyar ƙungiya. Saboda rubutuna aka zaɓe ni, ba saboda bakina ba. Ni da ko gishiri aka aike ni saye sai na maimaita maganar a zuci tun daga ƙofar gida.

Wata 'yar ajinmu ta ce, "Amma Mama, ba dai a tona rami a saka a zuba ruwa ba ne? Ai itace da kansa yake fitowa a daji."

Mama ta dube ta, ta dubi rana, ta ce mu zauna a kan buhunan ƙasa ƙarƙashin rumfa. Ga abin da ta gaya mana, yadda na iya rubutawa, da littafina a kan gwiwa.

"Aikina na farko cika leda ne," in ji ta. "Na zo daga ƙasar Filato da goyo a baya, maigidana yana leburancin gini. Wani tsohon Gbagyi, Baba Shekwolo, wanda ya yi ritaya daga aikin gandun daji, shi ya ɗauke ni. Wata uku ban taɓa iri da hannuna ba. Leda kawai. Baƙar ƙasa baro uku, yashin rafi baro ɗaya, ruɓaɓɓen taki baro ɗaya, a juya da shebur har launin ya zama ɗaya. Sai ki damƙa a hannu. In ta dunƙule, kika taɓa da yatsa ta wargaje, ta yi. In ta manne kamar tuwo, saiwa za ta shaƙe. In ta zube kamar gari, ruwa zai wuce ya bar itace da ƙishi. Da yamma Baba zai bi layi yana taɓa kowace leda da ɗan yatsan ƙafa. Wadda ta faɗi, a zazzage a sake. Ran farko na cika ɗari, bakwai suka tsaya."

Ta ce da ta fara sanin hannu sai ta so ta burge Baba. Ta je gonar kaji ta roƙo kashin kaji sabo, mai ɗumi, ta bi lemo ɗari biyu ta zuba wa kowanne.

"Kwana huɗu, ganye ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Baba bai zage ni ba. Da ya zage ni ma da ya fi sauƙi. Reza ya ba ni, ya ce in farke ledojin ɗaya-ɗaya in dubi saiwar kowanne da idona. Ɗari biyu. Tun daga ranar, taki sai ya yi wata uku a rami ya huce kafin ya taɓa itacena."

Kayan aikinta ba su da yawa. Almakashin datsa, da reza a cikin gwangwanin madara, da shebur, da fartanya, da wani baro da aka cusa wa tayarsa tsumma don ta gaji da faci. Butar ban ruwanta tsohon galan ne da wani maƙeri ya yi wa baki ya huda da ƙusa. Ta ce na kanti ramukansu manya ne, suna tone iri. Na lura farcen babban yatsanta na dama ya fi sauran tsawo da kauri. Ban tambaya ba, amma ta kama ni ina kallo.

"Wannan shiru-shirun ta fi ku ido," ta ce. "Shi ne likitana." Ta ɗauko wani dashe da ya zubar da ganye duka, kamar tsinke. Ta ɗan kankare bawonsa da farcen. Ƙarƙashi kore shar. "Da ransa. Fushi yake yi. In kika ga launin ruwan ƙasa a ciki, to sai dai a yi masa addu'a."

"Neman iri shi ne aikin da ba a gani," ta ci gaba. "Kowane itace da halinsa. Darbejiya ba ta son jira. Da sassafe nake zuwa gindinta in tsince wanda jemagu suka shanye suka yar, in shuka a satin. Ya kwana biyu a ajiye, ya mutu. Ɗorawa kuwa kanta tauri, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin ta yarda ta buɗe. Maɗaci sai kin yi gadinsa. Ranar da ƙwallonsa ya tsage a sama, iska ta kwashe 'ya'yan, kin yi asarar shekara. Na taɓa yin sati biyu ina zuwa gaida wani maɗaci a Sheda safe da yamma, har mutanen wurin suka fara tambaya ko lafiya."

Sai ta jawo wani ɗan mangwaro ta nuna mana aure. Ta datse kansa, ta tsaga shi a tsakiya da reza. Ta ɗauko ɗan reshe daga mangwaro mai daɗi, ta fere gindinsa gefe biyu kamar alƙalamin kara, ta cusa a tsagar, ta naɗe da siririyar leda tam. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Ta ce na ƙasa shi ne mai jure wahala, na sama shi ne mai zaƙi, kuma duk wanda ya taɓa wurin yankan da yatsa ya ɓata aiki.

"Mama, har da sadaki?" in ji Godiya.

"Sadakin haƙuri ne, sarkin surutu. Sati uku kafin a san ko ya zauna. Ke da bakin nan naki, kwana biyu za ki kwance ki leƙa."

Ta ce kafin dashe ya bar hannunta sai ta yi masa horo. Sati biyu tana rage masa ruwa, tana fitar da shi daga rumfa zuwa rana kaɗan-kaɗan. Wanda aka ɗauko kai tsaye daga inuwa aka kai bakin titi, ganyensa fes, shi ne mai saye ya fi so, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa.

Da ta zo kan masu saye sai ta gyara zama.

"Wata madam ta zo daga Maitama da babbar mota, ko gilashi ba ta sauke duka ba. Wai tana son itace mai inuwa, mai saurin girma, wanda ba ya zubar da ganye, don ba ta son shara. Na ce Madam, akwai, amma na roba ne, sai ki shiga kasuwa. 'Yan kwangilar gidaje kuma abin da suke so shi ne siririn nan mai kama da rufaffiyar laima. Ya yi kyau a hoto, amma ko ɗan tsako ba zai fake a gindinsa ba. Wanda na fi so wani Alhaji ne mutumin Kano, mai shagon yadi. Duk lokacin da aka yi masa haihuwa sai ya zo ya sayi gwaiba ɗaya. In na hango shi yana murmushi tun daga titi, sai in ce Alhaji, barka. Yanzu gidansa ya kusa fin lambuna."

Ta ce da can masu gida ne kawai ke zuwa. Yanzu kamfani, banki, coci, masallaci, ƙungiyar 'yan kasuwa, kowa ya ji ana maganar sauyin yanayi, kowa na son ya dasa.

"Ban ƙi ba, gaskiya suka ji. Ni ban je taro ba, a bokiti na san shi. Da, ban ruwa sau ɗaya da yamma ya isa har Fabrairu. Yanzu safe da yamma, in ba haka ba su kwanta. Rafin nan da nake wanka a ciki har ƙugu, yanzu kafin Kirsimeti sai na tona yashi. Ruwa ya sauko, mutane su yi shuka, ya ɗauke sati uku kamar an yi masa laifi. Don haka duk wanda ya zo da niyyar dasa itace, ina murna. Amma dasawa rana ɗaya ce. Shi ya sa kowa ke son ta."

Malam Tanimu ya ce, "Mama, wannan sharaɗi naki, tun farko haka kike yi?"

"A'a, Ticha. Duka aka yi mini na koya."

Ta ce wata shekara wani babban kamfani ya yi odar itace dubu ɗaya da ɗari biyar, za a jera su a gefen wani sabon titi tare da manyan gwamnati. Ba ta taɓa samun aiki irinsa ba. Wata bakwai tana reno. An sa rana a watan Yuni, daidai lokacin da ƙasa ta sha ruwa. Sai babban baƙo ya yi tafiya, aka ɗaga. Ya dawo, wani babban ya yi tafiya, aka sake ɗagawa. Ba a yi bikin ba sai Nuwamba, ruwa ya ɗauke.

"Na ce a bari sai wata damina. Suka ce Mama, an riga an buga riguna da huluna. Za a riƙa kawo tankar ruwa kullum. Na yarda. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

"Ranar biki ga kanofi, ga makaɗa, ga masu ɗaukar hoto. Ni ina can baya wajen motoci, masu tsaro sun ce ba ni da kati. Aka miƙa wa oga shebur sabo da aka ɗaura wa kyalle, aka miƙa masa itace. Ina hangowa ya sa shi a rami da ledarsa. Da leda! Ya tura ƙasa, aka yi tafi. Akwai mutum ya fi ashirin a kusa da shi da suka san ana cirewa, amma wa zai ce wa oga ya yi kuskure a gaban kyamara? To tunda oga ya saka da leda, wa ya isa ya cire tasa? Manaja ya saka da leda. Ma'aikata suka bi layi, kowa da leda. Leburori suka ga haka ya fi sauri, suka ƙarasa sauran. Ina ɗaga hannu ina ihu, suka ɗauka murna nake, wani har ya miƙo mini hula."

Mun yi dariya, ita ma ta yi.

"Kwana uku ina bin titin nan da reza, ina tonewa ina farkewa ina mayarwa. Na kai wajen ɗari biyu, bayana ya ce ya isa. Tanka ta zo sati ɗaya, ba ta sake zuwa ba. Na je ofis, aka ce wannan aikin hukuma ne yanzu. Na je hukuma, aka ce na kamfani ne. Awaki suka ci nasu, gara ta ci nata, a Janairu aka sa wa ciyawa wuta ta ƙarasa. Goma sha ɗaya suka rayu. Shida a gaban wata mai sayar da abinci, biyar a gaban wani mai faci. Ba wanda ya sa su. Sun ga itace a ƙofarsu, suna son inuwa, suna da ragowar ruwa. Yau in kin bi titin za ki gan su, sun fi falwaya tsawo. Kamfani kuwa ya ce dashena ne ba shi da kyau. Shekara biyu babu babban mai saye da ya tako nan. Na koma sayar da fulawar ado a tukunya. To kun ji inda maganar rubuta suna ta samo asali. Ku tashi ku zaɓi itacenku, in kun kawo takarda ku ɗauka. Kuma zan zo da ƙafata in ga fuskar kowa."

Muka zaɓi darbejiya ashirin, maɗaci goma, mangwaro mai aure goma. Ta ɗaura musu jan zare ta ware su gefe.

A cikinmu mutum biyar ne gidajensu ke kusa da makaranta, har da ni da Godiya. Itace goma sha biyar ke nan. Saura ashirin da biyar. Washegari bayan an tashi muka tsallaka titi zuwa shagunan da ke kallon bangon azuzuwanmu. Muka raba aiki: Godiya baki, ni biro.

Tela ya yarda nan take, amma ya ce shi mangwaro yake so, kuma a rubuta cewa 'ya'yan nasa ne. Madam Ngozi mai kanti ta ce ta ɗauki uku, ruwan da ke narkewa daga firjinta in an ɗauke wuta ma ya ishe su. Mai shayi ya taka da ƙafarsa ya nuna mana daidai inda yake son nasa, inda inuwar za ta faɗo a kan bencinsa. Mai kemis ya ƙi, wai ganye zai rufe masa allon shago. Mai aski ya tambaya ko kamfanin zai ba da riga. Da Godiya ta ce babu, ya ce to a sa masa ɗaya, don kada a ce bai yi ba. Maigadin makaranta ya karɓi uku, mai soya awara uku. Wasu suka ce mu dawo gobe, goben ba ta zo ba. Ranar Laraba na ƙirga, talatin da ɗaya. Biki ranar Asabar, Mama kuma za ta zo ranar Juma'a.

Taran da suka rage su ne na can ƙarshen bango, daidai bayan ajinmu, inda babu shago ko ɗaya. Godiya ta ce mu rubuta sunayen ƙannenta, ai suna da yawa. Na tuna mata cewa Mama fuska za ta duba. Malam Tanimu ya ce zai gwada roƙonta ta bar mu da talatin da ɗaya, amma kamfani arba'in ya rubuta, bai san ko za su yarda da ragi ba.

Ranar Alhamis da azahar ina zaune a bakin taga, kwana biyar ba a yi ruwa ba, filin ya bushe ya yi fari. Sai na ga wani baƙin layi a ƙasa, siriri, yana sheƙi. Na bi shi da ido. Daga ɗan masallacin 'yan kasuwa da ke kusurwa ya fito, daga dakalin da ake alwala. Mutane na tsugune da butoci, ruwan na gangarowa, ya ratsa gefen filin, ya faɗa kwata. Tsakaninsa da turakun da muka kafa na ramuka tara bai fi taku biyu ba. Na zauna ina lissafi. Sau biyar a rana. Rani da damina. Ba hutu.

Da aka tashi na ja Godiya na nuna mata. Ta bi layin da ido, ta juyo.

"Hindatu, kin ci gari. Amma wannan naku ne. Ni ba zan iya tsayawa gaban malaman nan ba, ban san yadda ake yi ba. Ke za ki yi magana."

"Ni?"

"Zan riƙe miki biro."

Limamin masallacin Malam Haruna ne, mutumin Zariya, mai sayar da hatsi. Muka jira har aka idar da la'asar, mutane suka ragu, ya fito ya zauna a benci tare da ladan da wani dattijo. Na gyara hijabi. Daga bakin titi zuwa bencin nan taku ashirin ne, na maimaita maganata sau uku. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe su. Godiya ta durƙusa a bayana da biro a hannu.

"'Yan makaranta ne da takarda," in ji ladan. "Liman, haraji ya iso masallaci."

Malam Haruna ya yi murmushi. "'Yar gidan wa?"

Na faɗi sunan babana.

"Allah sarki, ai jikata ce. Me ke tafe da ke?"

Na fara bayani, ina kallon takalmansa. Na faɗi kamfani, na faɗi hukuma, na faɗi sauyin yanayi, duk a cakuɗe.

Ya karkato da kai. "Ɗaga murya, 'yata. Kunnen ya tsufa. Me kike so a yi miki?"

Na ɗago. Na nuna masa baƙin layin da ke bin ƙasa, na nuna masa turakun nan tara da bangon ajinmu.

"Baba, ruwan alwalarku nake roƙo, wanda kuka riga kuka gama da shi. A bar mu mu ja masa 'yar hanya ya bi ta gindin itatuwan nan kafin ya kai kwata. Da sunan mutum uku da za su riƙa duba hanyar kada ta toshe. In da hali, Baba, a fara da naka."